Kaset ɗin LTO na hannu: in zuba masa aikin shekara bakwai ko in haƙura?

Auwalu Edita:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. Shekara bakwai ke nan ina aikin tace bidiyo a Zoo Road, bukukuwa da walimar sauka da 'yan finafinai. Duk ɗanyen aikin yana kan hardis na waje da na jera a durowa, in aka haɗa sun kai tera 40. Makon jiya wata Hajiya ta aiko a sake fitar mata da bikin 'yarta na shekara huɗu da suka wuce. Mahaifin yarinyar ya rasu, kuma a bidiyon nan kaɗai suke da muryarsa yana yi wa amarya nasiha. Na jona hardis ɗin, sai ƙas-ƙas-ƙas sau uku, shiru. Har yanzu na kasa kiran ta.

To wani mai kawo kayan kwamfuta na gwanjo ya nuna min injin LTO-6, wato na'urar da ke zuba bayanan kwamfuta a kaset, da kwali guda na kaset ɗin, sun kai 60, duk na hannu, wai daga wani kamfani a Turai aka kwaso su. Kuɗin sabo ɗaya zai saya min uku ko huɗu a nan. Shin kaset ɗin da wani ya riga ya mora abin a ba shi amana ne? In na zuba kuma, a ina zan ajiye su a garin nan da zafinsa da ƙurarsa?

Nura Beirut:
Wa alaikumus salam. Kaset kuma, Auwalu? A wannan zamanin? Zo shago in ba ka hardis biyu masu tera 8, ka riƙa kwafi biyu-biyu, magana ta ƙare. Araha ba ta ado.

Sadik Hotoro:
Ko ka tura su intanet kawai. Google Drive na nan, babu ƙura babu gara.

Auwalu Edita:
Sadik, tera 40 fa na ce. Da wace datar? Bikin wuni ɗaya na kyamara biyu sai da na kwana uku ina tura wa wani a Abuja. Ga kuɗin wata-wata, ranar da ka kasa biya kuma ka shiga uku.

Injiniya Bashir:
Allah ya jiƙan mahaifin yarinyar. Kafin komai, kada ka sake jona hardis ɗin nan, duk kunnawa ƙara karce faifan take yi. Ka kai shi wurin masu ceto bayanai yadda yake.

Nura, kaset bai mutu ba. Bankuna da gidajen talabijin da manyan kamfanonin intanet har gobe da shi suke ajiyar dogon zango. LTO ya fito a shekarar 2000 da giga 100, kamfanonin IBM da HP da Seagate suka haɗu suka tsara shi. LTO-5 na 2010 yana cin tera 1.5, LTO-6 na 2012 tera 2.5, LTO-9 na 2021 tera 18. Amfaninsa shi ne ba shi da mota mai juyawa a ciki, ba shi da kai mai karatu, robar zare ce kawai a naɗe a gida. Abin da ya kashe hardis ɗin Auwalu babu shi a jikin kaset. In ka cire shi ka ɗora a kanta kuma, cutar nan mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa ba ta da hanyar isa gare shi.

Amma Auwalu, ka zauna ka juye kwalin nan ka karanta jikin kowane ɗaya, domin 'yan gwanjo gauraya su suke yi. Injin LTO-6 yana rubutu a kan LTO-6 da LTO-5. LTO-4 karantawa kawai yake yi, ba ya rubuta masa ko harafi. LTO-3 ko kallonsa ba zai yi ba. Sannan duk wanda ka ga ƙasan gidansa toka-toka ne, launi biyu, an rubuta WORM, ajiye musu kayansu. Sau ɗaya ake rubutu a kansa, ba ya goguwa.

Auwalu Edita:
Na gode Injiniya. Na tuna na ga an rubuta 3TB a jikin da yawa daga ciki. Ke nan 14 ma sun ishe ni?

Injiniya Bashir:
Nan ne tarkon. Wannan 3TB ɗin LTO-5 ne, kuma lissafin in an matse bayanai ne ninki biyu. Takardun ofis suna matsuwa. Bidiyonka kyamara ta riga ta matse shi tun a wurin biki, babu sauran ruwan da za a tatsa. Ka lissafa 1.5, har ma ka rage kaɗan. Tera 40 zai ci maka wajen 28. Kwafi biyu, 56. Kwalin nan da kake gani kamar ya yi yawa, da ƙyar zai kai ka.

Baba Habu Mai Rediyo:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina jujjuya zaren rikoda a gidan rediyo, tun na faifai buɗaɗɗe mai kwata inci har aka zo kaset. Kaset yana da amana, amma yana da sharaɗi. Na taɓa ɗauko wani faifan hira da muka yi da wani dattijo masanin tarihin ganuwa, ya kwana ashirin da wani abu na shekaru a sito. Ina ɗora shi ya fara kuka, ƙiiii, kamar ƙyauren da bai sha mai ba. Na tsayar, na duba kan injin, baƙin danƙo ya lulluɓe shi. Muryar mutumin ce ke kankaruwa tana maƙalewa a ƙarfe, ina kallo. Laima ce ta shiga gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisun a jikin robar, ta mayar da shi kamar ƙaro. Sito ne mai rufin kwano, damina ta jiƙa shi, bazara ta dafa shi.

Shawarata, in ka sayi na hannu, ka fara bi ta kansu da babban magogin maganaɗisu. Mu haka muke yi wa duk zaren da za a sake amfani da shi, ya koma fes kamar sabo.

Injiniya Bashir:
Baba, Allah ya ƙara girma, labarin laimar nan gaskiya ne, kuma har yau ita ce babbar abokiyar gaba. Amma a yi min afuwa a kan magogin. A zaren rediyo daidai ne. A LTO kuwa yanka ne. Tun a masana'anta ake zana masa wasu layukan jagora na maganaɗisu daga farkon zaren har ƙarshe, su kan injin yake bi don kada ya kauce hanya. Faɗin zaren rabin inci ne kawai, amma LTO-5 layin rubutu 1,280 ne a jere a cikin wannan rabin incin, LTO-6 kuma 2,176. Ba tare da jagoran nan ba injin makaho ne. Magogi yana share su tare da komai, kuma babu injin da ke gida ko ofis da zai iya mayar da su.

Wannan ma wani abin dubawa ne ga Auwalu. Wasu kamfanonin kafin su zubar da kaset sai sun bi ta kansa da magogi don sirrinsu kada ya fita. Irin wannan a ido lafiyarsa ƙalau, har da kwalinsa, amma gawa ce.

Baba Habu Mai Rediyo:
To ka ji. Da na sa yaro ya yanka kajinsa da hannunsa. Na karɓi gyara, Injiniya. Zamani riga.

Nura Beirut:
Kun gani ko? Wanda an goge, wanda ba ya goguwa, wanda injin ba ya karɓa. Caca ke nan. Ni hardis ina jonawa a gabanka ka ga lafiyarsa a minti biyu.

Zainab Laburare:
Malam Nura, shi ma wanda ya mutu a durowar Malam Auwalu ai lafiyarsa ƙalau ranar da aka saya.

Ni a ɗakin adana takardu nake aiki, muna ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci muna ajiyewa, kuma LTO-6 muke amfani da shi. Kaset ya fi hardis faɗin gaskiya game da kansa, in ka san inda za ka tambaye shi. A cikin kowane gida akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa da injin yake karantawa ba tare da waya ba. A nan ake rubuta ranar da aka ƙera shi, sau nawa aka ɗora shi a inji, yawan abin da aka taɓa rubutawa da karantawa, da kurakuran da aka ci karo da su. Kamar mitar mota. In injin na HP ne akwai manhajarsu Library and Tape Tools, in na IBM ne akwai ITDT, duka kyauta. Kada ka biya kuɗin kwalin sai ka zauna a shagon ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Za ka ga iri biyu. Akwai wanda aka cika sau ɗaya ko biyu aka kai sito ya yi shekaru yana barci, wannan kusan sabo ne. Akwai wanda ake juyawa kullum dare a kamfani, an ɗora shi sau ɗaruruwa. Ka tuna cikawa ɗaya ba wucewa ɗaya ba ce. Zaren LTO-5 mita 846 ne, kuma sai ya ratsa kan injin sau 80, zuwa 40 dawowa 40, kafin ya cika. Masu ƙerawa suna ba shi cikawa ɗari biyu da wani abu a rayuwarsa. Wanda ya sha wuya, bar musu ko kyauta ne.

Auwalu Edita:
Anti Zainab, wannan bayani ya biya. In mitar ta nuna kaɗan ke nan na tsira?

Zainab Laburare:
Ba ka tsira ba tukuna. Mitar ba ta san ko an yar da shi daga kan tebur ba, ba ta san kwana nawa ya yi a kwantena a tashar jirgin ruwa rana tana dukansa ba. Ka duba da idonka. Gidan kada ya zama da tsagewa. Ka tura 'yar ƙofar gefe a hankali, za ka ga wani ɗan sandan ƙarfe a bakin zaren, shi injin yake kamawa ya ja. Ya zama yana zaune daram a maƙalinsa sama da ƙasa. In ya goce ko ya faɗa ciki, kada ka kuskura ka sa shi a inji, zai iya maƙalewa ya jawo maka asarar injin gaba ɗaya. Ka sansana ma, in kana jin warin fumfuna, a'a.

Wanda ya wuce wannan, ka cika shi taf daga farko har ƙarshe, ka fitar da shi, ka mayar, ka karanto komai ka gwada da na asali. Mu kowane fayil muna fitar masa da lambar hatimi ta SHA-256 kafin a zuba, bayan an karanto a sake fitarwa. In ko harafi ɗaya ya bambanta, kaset ɗin ya faɗi jarrabawa.

Sadik Hotoro:
Wannan aikin zai ci awa nawa?

Injiniya Bashir:
LTO-5 yana gudun mega 140 a daƙiƙa in komai ya daidaita. Awa uku rubutu, awa uku karatu. Kaset 56 sau awa shida, ka haura awa 330.

Nura Beirut:
Awa 330 na wuta tsayayya a Kano! Allah ya ba da sa'a.

Injiniya Bashir:
Nura ya yi gaskiya a nan, ba wasa ba ne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, zaren yana cikin injin a miƙe, kuma in LTFS kake amfani da shi, wato tsarin da ke nuna maka kaset kamar filashi, jadawalin fayilolin zai iya rikicewa sai an yi gyara. Dole inbata ko UPS mai ƙarfi tsakaninka da soket, har lokacin canji zuwa janareta.

Abu na biyu da ba a faɗa wa mutane: injin nan ba ya son a ciyar da shi da cokali. In ka jona tsohon hardis na USB mai tafiyar hawainiya kana kwafa kai tsaye, injin zai rage gudu iya yadda zai iya, in abin ya gaza sai ya tsaya, ya ja baya, ya sake tashi, ya tsaya, ya ja baya. Za ka ji shi da kunnenka yana kai-komo kamar mai goge takalmi. Wannan yana cinye zaren da kan injin tare. Ka fara tara aikin a kan faifai mai sauri a cikin kwamfutar, daga nan ka zuba. Kuma ba USB ne da shi ba, yawanci wata mahaɗa ce mai suna SAS, sai ka sayi katinta da wayarta. Ka tambayi mai kayan ko suna ciki. In ya ce Fibre Channel ne, wata hidimar ce daban.

Baba Habu Mai Rediyo:
Ku dawo kan ajiya, nan ne nake da abin cewa. Ina ruwan Turawa da Afrilun Kano?

Zainab Laburare:
Baba, su a takardarsu sun ce shekara 15 zuwa 30, amma da sharaɗin sanyi tsakanin digiri 16 da 25, laima kuma kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa a Afrilu muna haura 40 a inuwa. A Agusta bango har gumi yake yi. Da hunturu iska ta bushe ƙayau ga ƙura mai shiga ko'ina. Wato a shekara ɗaya muna taka dokar ta kowane ɓangare. Shekara 30 ɗin nan ba da mu ake ba, sai mai ɗakin AC dare da rana.

Sadik Hotoro:
A sa a firji mana.

Baba Habu Mai Rediyo:
Kul! Ka taɓa fito da kwalbar lemo daga firji ka ga yadda take zufa? Haka zaren zai yi, ciki da waje. Ga firjinmu da ke mutuwa ya farfaɗo sau biyar a rana. Abin da zare ya fi tsana shi ne hawa da sauka, yau sanyi gobe zafi, yana miƙewa yana tsukewa a kan naɗinsa. Gara ɗumi mai tsayawa wuri ɗaya.

Ka nemi ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidanku, na ƙasa, na tsakiya, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma. In kuna da tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na cikin gari, ya fi bene mai kwano nesa ba kusa ba, in dai ba ya yoyo. Kowane kaset a cikin 'yar robarsa, a tsaye kamar littafi, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba. Ka zuba su a kula mai murfin da ke kamawa, irin ta ƙanƙara, ka jefa ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa a kwalin takalmi, da yawa. Ka ɗaga ta daga ƙasa saboda ambaliya. Nesa da sifika, nesa da inbata da janareta da duk abin da ke da babban inji mai juyawa da lantarki.

Zainab Laburare:
Na sa hannu a duk abin da Baba ya ce. Ƙari biyu. Akwai silika mai canza launi in ta ƙoshi da ruwa, ita ta fi, sai ka gasa ta a mayar. Ka kuma sa ɗan agogon auna zafi da laima a cikin kular, ba shi da tsada. Sannan in ka ɗauko kaset daga gida zuwa situdiyo mai AC, ko akasin haka, ka bar shi ya kwana a ɗakin kafin ka ɗora, awa 24 ake so. But ɗin mota da rana kuwa, ko na minti talatin, haramun.

Auwalu Edita:
Ni da na yi niyyar jera su a kanta a situdiyo, kusa da sifikun.

Nura Beirut:
Tambaya ɗaya, kuma ba don in sayar da kayana ba. A ce nan da shekara shida injin nan ya mutu. Shi ma fa na hannu ne, ba ka san awa nawa ya yi ba. Wa zai gyara maka a Kano? Hardis ko a Farm Centre ka shiga za ka sami mai jona maka. Kaset 56 babu inji ai tubalin gini ne.

Injiniya Bashir:
Wannan ita ce tambayar da ta fi duk wadda aka yi yau. Kaset ya kan riga injinsa tsufa a takarda kawai, a zahiri injin ne ke fara tafiya. Kuma sababbin ba sa waiwaye kamar da. LTO-5 injin 5 da 6 da 7 ne kawai ke karanta shi. Daga LTO-8 aka rage, shi da LTO-9 baya ɗaya kawai suke komawa. Ke nan ko kana da kuɗin sabon inji fil, ba zai buɗe maka su ba. Mafita ita ce ka san inda inji na biyu yake tun yanzu, naka ko na wani, ka kuma gwada karanta kaset ɗinka a kansa, domin inji mai karkataccen kai yana iya rubuta abin da shi kaɗai ke iya karantawa. Bayan shekara biyar ko shida ka yi shirin kwashe komai zuwa sabon zubi.

Manhajar da Anti Zainab ta faɗa tana nuna lafiyar injin ma, ka duba kafin ka biya. Kaset ɗin wanke kan injin kuwa, shi kam sabo za ka saya, wanki wajen 50 yake yi ya ƙare. Kada ka riƙa sa shi don neman lada, sai injin ya kunna fitilar neman wanka, domin yana ɗan cin kan.

Zainab Laburare:
Kuma kwafi na biyun kada ya kwana unguwa ɗaya da na farko. Waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta shafa, da yawa kaya da takardun lissafin kayan wuri ɗaya suka ƙone. In da hali, kwafi ɗaya a na hannu, ɗayan a sabo, ko aƙalla kada su fito daga kwali ɗaya. Fujifilm da Sony ne kaɗai suka rage suna ƙera zaren, ko sunan wa ka gani a jiki. Aikin da kake taɓawa kullum kuma ya zauna a hardis, a nan Malam Nura zai ci kasuwarsa.

Nura Beirut:
Yauwa Hajiya, yanzu kika yi magana.

Sadik Hotoro:
In ya tarar da bayanan Turawan a ciki fa?

Injiniya Bashir:
Tun daga LTO-4 injin yana iya kulle rubutu da mabuɗi, kamfanoni da yawa suna yi, ba zai ga komai ba. In ma a buɗe yake, ba nasa ba ne, ya rubuta a kai daga farko ya wuce.

Auwalu Edita:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na ɗauki kwamfutata na je na tare a shagon mutumin wuni biyu, har ya fara yi min kallon mai neman rigima. Kaset 61 ne. Tara LTO-4, huɗu masu tokar ƙasa. Ɗaya ina tura ƙofar na ji sandan yana ƙaras-ƙaras a ciki. Shida injin ya haɗiya ya yi ta gurnani ya tofo su, ina jin su ne waɗanda aka bi da magogin Baba. Goma sha ɗaya mitarsu ta yi nisa, akwai wanda aka ɗora sau ɗari huɗu da wani abu. Saura 30, yawancinsu ba su kai ɗori goma ba, su na biya. Ya so in haɗa duka a farashi ɗaya, na ce ko waɗannan ko in tafi.

Na gwada bakwai zuwa yanzu da hatimin Anti Zainab. Shida sun fito daidai. Na bakwai ya kai wajen kashi 80 sai ya fara kai-komo, manhajar ta nuna kurakuran rubutu suna ta hawa, na cire shi na yi masa jan fenti. Kula tana ɗakin kakata a Yakasai, agogon yana nuna 29 da rana. Na san bai kai yadda ake so ba, amma situdiyo in an kashe AC 37 nake gani.

Hardis ɗin Hajiya yana wurin mai ceto, ya ce kan ne ya lalace, sai an samo irinsa an dasa, bai yi alkawari ba. Na kira ta na faɗa mata gaskiya.

Baba Habu Mai Rediyo:
Magogin Baba kuma! To na ji. Ka rubuta abin da ke cikin kowane kaset a littafi na takarda, da lamba a jikinsa, ka ajiye littafin a cikin kular. Kuma ka gaya wa kakar taka ba ta zoɓo ba ce.

Injiniya Bashir:
29 mai tsayawa ba laifi, ka dai sa ido a kan laimar in Yuli ya shigo. Akwai wani abokin aikina a Bompai mai injin LTO-7. Ka kawo biyu daga cikin shidan ranar Asabar bayan la'asar mu ɗora a nasa mu gani.